Triumph ɗin da Bajaj ke ƙerawa, na Ingila ne ko suna kawai aka liƙa masa?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kace kaga Triumph Speed 400 ya shiga ranka har ka fara tara kuɗi, sai wani abokinka yace maka kar ka wahalar da kanka, wai asalin Triumph ya mutu tun 1983, wannan Boxer ce kawai aka saka mata babbar riga tunda Bajaj ne ke haɗa shi a Indiya. Kana so ka san gaskiyar magana, sannan ko ya dace ka saya ka hau a nan gida.

Toh abokin naka ya faɗi abu biyu da suke daidai, kamfanin farko ya durƙushe a 1983, kuma eh a masana'antar Bajaj ake ƙera Speed 400. Amma hukuncin da ya yanke daga nan ne ban yarda dashi ba ko kaɗan. Ni na kwashe shekaru ina kwance injin manyan babura ina ɗaurawa, na taɓa tsohon Triumph da hannuna na taɓa sabo, kuma abin da zan ce maka shine da ace sabon kamfanin ya cigaba da yin babur irin yadda tsohon yake yi, da yau babu wanda zai tambaye ni wannan tambayar domin babu babur ɗin da zaka gani ballantana ya shiga ranka. Bari in bi maka abin daga tushe, zai ɗan yi tsawo amma ka daure.

Da farko wannan maganar ta "ɗan Ingila zalla" ko a asali bata tsaya da ƙafarta ba. Wanda ya kafa Triumph Bajamushe ne, Siegfried Bettmann, daga garin Nuremberg yaje Ingila yana saida kekuna, daga baya suka kafa masana'anta a Coventry shi da wani ɗan ƙasarsu Schulte. Babur ɗinsu na farko a 1902 keke ne aka ɗaura masa inji, injin kuma na Minerva ne daga Beljiyam. Kaga kenan tun ranar farko hannun ƙasashe uku ne a ciki. A yaƙin duniya na ɗaya suka yi suna da Model H, wajen guda 30,000 suka baiwa sojoji, masu kai saƙo a fagen daga suka riƙa yabonsa saboda baya barinsu a hanya.

Mutumin da ya maida Triumph abin da duniya ta sani kuwa shine Edward Turner. A 1937 ya fito da Speed Twin, 500cc mai silinda biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, inji ƙarami a ido, mara nauyi, ga gudu, har sauran kamfanonin Ingila duk suka bi sahu suna yin irinsa. Jiragen Jamus sun ruguza masana'antar Coventry a Nuwamban 1940, aka koma wani ƙauye Meriden a 1942, kuma daga Meriden ɗinnan ne duk baburan da tsofaffi ke kuka a kansu suka fito, Thunderbird 650, Tiger, sai uwa uba Bonneville T120 a 1959. Sunan Bonneville na wani fili ne na gishiri a jihar Utah ta Amurka inda ake gwajin gudu, a nan Johnny Allen ya yi mil 214 a awa a 1956 da injin Triumph, kusan kilomita 345 kenan. A shekarun 1960 in matashi a Landan ko Kalifoniya yana son a san ya iso, Bonneville yake nema.

Na taɓa samun ɗaya irin na 1967 a garejina kuma har gobe ina tuna shi. Wani bawan Allah ne ya ɗauko shi a bayan akori kura daga gidansu, yace na mahaifinsu ne marigayi, ya fi shekara ashirin a jingine a wani ɗaki an tara masa buhunan gawayi da tsofaffin tabarmi a kai. Tayoyin sun bushe sun tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, tankin in ka buɗe warin tsohon fetur ne kamar fenti, ɓeraye sun cinye soson kujera. Amma da na goge ƙurar tankin da tsumma na ga yadda aka zana shi, siriri ta wajen gwiwa, faɗi ta gaba, ga salansa biyu sun miƙe a gefe, wallahi sai da na tsaya ina kallo kafin in ɗauki sifana. Sifanar ma tawa bata shiga ba, domin notocinsa ba na milimita bane irin na Japan da muka saba, ma'aunin Whitworth ne na Ingila, 13 tayi kaɗan 14 tayi yawa, sai da na nemo tsofaffin sifanu wajen wani dattijo da yayi aikin tsofaffin motocin Ingila a zamaninsa.

Kafin a kawo mun shi wani mai gyaran waya ya riga ya gwada tada shi, ya ɗaura batir yadda kowa ya sani, negatib a jikin bodi. Nan yayi ɓarna bai sani ba, don waɗannan baburan fozitib ne ke zuwa bodi, juyin namu, sai ya ƙona rektifaya da ɗan dayod ɗin da ke daidaita caji. Giya ma a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, wanda ya saba da Honda in bai yi hankali ba zai taka giya yana neman birki. Sannan a cikin karanshaf akwai wani bututu da aka yi shi don ya riƙa tare dattin baƙin mai, tunda babu filtar kirki irin ta yanzu, da na buɗe na wannan sai na tarar ya cika dam da wani abu baƙi mai tauri kamar kwalta, da an tada injin a haka da mai bai kai ga metal ɗin karanshaf ba, da ya ƙone cikin mintuna. Wata uku muka yi muna jiran kaya ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da ya tashi kuwa bazan manta ba. Kafireta biyu ne dashi ƙirar Amal, kowanne da wani ɗan maɓalli da zaka danna ka riƙe har fetur ya ɗan tsiyayo maka a yatsa, sannan ka taka kik a hankali ka nemo inda fistin ya yi tauri, ka ɗaga jikinka ka sauke nauyinka gaba ɗaya. A bugu na huɗu ya kama. Ƙarar ba irin ta pawa baik na Japan bace mai kuka kamar injin niƙa, wata murya ce mai kauri daga ƙasa, kana jinta a ƙirji, yaran gareji duk suka bar aikinsu suka zagaye shi, mai babur ɗin kuma ya juya baya yana share ido don rabonsa da jin wannan ƙarar tun yana ɗan firamare mahaifinsa na ɗora shi a kan tanki. Duk wanda yace son babur shirme ne bai tsaya a irin wannan wajen ba.

To amma son da nake masa bazai hana in faɗa maka me ya kashe kamfanin ba. Injin Bonneville ɗin 1969 a ƙashin bayansa injin 1937 ne aka yi ta faɗaɗawa. Fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, saboda haka da an ƙara girman inji sai jijjiga ta ƙaru, ta kwance noti ta fasa ƙwan fitila ta gajiyar da hannu. Kaskon injin a tsaye aka raba shi gida biyu, hagu da dama, wato layin haɗin ya bi ta ƙasa daidai inda mai ke taruwa, shi yasa aka san baburan Ingila na lokacin da ɗigar da mai. Injinan da ke masana'antar sun tsufa, masu kamfani suna kwasar riba basa zuba kuɗi a sabunta su, BSA, wani kamfanin babura na Ingila, ce ma ta mallaki Triumph tun 1951 kuma shugabanninta sun ɗauka Japanawa ƙananan babura kawai suka iya, basu damu ba da Honda ta cika duniya da su, suna ganin babba dai sai nasu.

Sai 1969 Honda ta sako CB750. Silinda huɗu, birkin faifai a gaba, ka danna maɓalli ya tashi ba ruwanka da kik, kaskon inji a kwance aka raba shi sama da ƙasa don haka baya yoyo, wutarsa bata ɗaukewa, kuma kuɗinsa bai fi na Ingila ba. Triumph da BSA suna da mai silinda uku, Trident da Rocket 3, sun fito a 1968 kuma suna da gudu sosai, amma sun makara kuma har lokacin kik ne da birkin ganga. Cikin ƴan shekaru kasuwar Amurka wadda ita ce rumbunsu ta koma hannun Honda da Kawasaki da Yamaha da Suzuki. BSA ta faɗi, a 1973 gwamnati ta sa aka haɗe ragowar aka kira shi Norton Villiers Triumph, sabbin shugabanni suka ce za'a rufe Meriden, ma'aikata suka ce basu san zance ba suka kulle ƙofa suka zauna a ciki wajen shekara ɗaya da rabi. A 1975 aka basu masana'antar su riƙe da kansu a matsayin ƙungiyar haɗin kai da tallafin gwamnati, suka cigaba da yin Bonneville 750 da iya ƙarfinsu. Ina girmama mutanen nan ƙwarai, sun so aikinsu, amma babu jarin da zasu zana sabon inji, a 1983 abin ya tsaya. Aka rushe masana'antar aka gina gidaje, yanzu in kaje wajen sai dai ka ga sunan titi, Bonneville Close da Daytona Drive.

Nan ne John Bloor ya shigo, kuma nan ne amsar tambayarka take. Bloor ba ɗan babur bane, magini ne, da aikin filasta ya fara yana yaro har ya kafa kamfanin gina gidaje ya yi arziki. Ya sayi sunan Triumph da haƙƙin ƙira a 1983, abin da abokinka ke nufi da "suna kawai" kenan, kuma a wannan ranar gaskiya suna kawai ɗin ne. Hanya mai sauƙi ita ce ya cigaba da buga tsohon Bonneville yana saidawa masu kewar da, ya ci kuɗinsa. Bai yi haka ba. Ya baiwa wani Les Harris a yankin Devon lasisi ya riƙa haɗa tsohon samfurin kaɗan kaɗan daga 1985 zuwa 1988 don kar sunan ya ɓace daga kasuwa, shi kuma ya ɗebi injiniyoyi, wasu ma tsofaffin ma'aikatan Meriden ne, suka tafi Japan suka zagaya masana'antu suna kallon yadda waɗanda suka kada su suke aiki. Ka duba wannan da kyau, mutanen da ake ganin sune malaman duniya a harkar babur suka koma ɗalibai a gaban waɗanda suka raina. Suka dawo suka yi shiru kusan shekara bakwai ba'a ji ɗuriyarsu ba, ana gina sabuwar masana'anta a Hinckley ta Ingila da sabbin injinan yankan ƙarfe masu aiki da kwamfuta, duk da kuɗin aljihun mutum ɗaya.

A 1990 a baje kolin Cologne ta Jamus suka buɗe abin da suka yi, kuma babu noti ɗaya na tsohon Triumph a jiki. Inji mai sanyaya da ruwa, kamshaf biyu a sama, bawul huɗu kowace silinda, kasko a kwance. Dabarar da suka yi wadda ni a matsayina na bakanike take burge ni ita ce sun zana silinda ɗaya ne mai faɗi iri ɗaya, sai su jera uku ko huɗu, su canza tsawon tafiyar fistin, sai ga 750 da 900 da 1000 da 1200 duk daga kaya kusan iri ɗaya, firam ɗaya, tanki kusan ɗaya. Ƙaramin kamfani bazai iya zana inji shida daban daban ba, amma da wannan hanyar ya fito da babura shida lokaci guda. Baburan farkon nan suna da nauyi kuma dogaye ne, an yi musu ƙarfe fiye da buƙata da gangan, domin abin da Bloor yafi tsoro shine ace Triumph ya dawo kuma yana ɗigar da mai. Sai da suka wanke wannan tabon tukuna suka fara neman kyau da rashin nauyi, Speed Triple a 1994, Daytona T595 a 1997, kuma mai silinda ukun nan ya zama tambarinsu domin yana da jan ƙasa irin na mai biyu da kuma gudun sama kusa da mai huɗu. Kamfanin bai fara maida kuɗinsa ba sai wajajen 2000, shekara goma sha bakwai mutum yana zuba kuɗi.

Abin lura, sunan Bonneville da shine mafi tsada a cikin abin da ya saya, bai taɓa shi ba sai 2000, bayan kowa ya yarda sun iya inji. Hausawa sunce suna linzami ne, to shi ya gane cewa linzami baya tafiya sai da doki. A watan Maris na 2002 gobara ta cinye babban ɓangaren masana'antar Hinckley, mutane suka ce shikenan an sake, cikin wata shida suka dawo aiki. 2004 suka fito da Rocket III mai 2,294cc, injin da yafi na motoci da yawa da ke kan titinmu girma, 2006 Daytona 675, kuma tun 2019 injin Triumph mai 765cc ne duk masu tseren Moto2 na duniya ke amfani dashi. Ba'a baiwa kamfanin da suna kawai gare shi irin wannan kwangilar, injin da za'a murɗe shi har ƙarshe a kowane tsere a gaban duniya.

Sabon Bonneville na yanzu, T120 mai 1200cc da aka sake a 2016, in ka tsaya nesa zaka rantse na 1960 ne. Matso kusa kaga aiki. Lagireto siriri an ɓoye shi tsakanin ƙarafan firam na gaba, abin da kake gani kamar kafireta ba kafireta bane, injekta ce aka yi mata siffar Amal, karanshaf an juya shi digiri 270 yadda fistin biyun basa tafiya tare, ga sandunan da ke kashe jijjiga a ciki, ga ABS mai hana taya kullewa in an kama birki. Wasu tsofaffi suna cewa wannan kwaikwayo ne. Ni ban ga laifinsa ba, an riƙe abin da ido da kunne ke so an zubar da abin da ke sa mutum tura babur a rana.

Yanzu maganar Indiya. Tun farkon shekarun 2000 Triumph ke da masana'antu a Chonburi ta Tailan, nasu ne na kansu, kuma yau yawancin manyan Triumph da ake saidawa a duniya har da Bonneville can ake haɗa su, Hinckley ta fi riƙe zane da gwaji da samfura na musamman. Kamfanin har yanzu na iyalan Bloor ne, ɗansa Nick Bloor ke shugabanta tun 2011. Da suka so shiga kasuwar ƙananan babura sai suka ƙulla yarjejeniya da Bajaj, aka sa hannu a farkon 2020, a 2023 Speed 400 da Scrambler 400 X suka fito daga Chakan kusa da Pune. Zanen a Hinckley aka yi shi tare da injiniyoyin Bajaj, Bajaj kuma ta kawo abin da tafi kowa iyawa, wato buga babur da yawa a farashi mai sauƙi ba tare da inganci ya zube ba. Kuma wannan ba sabon abu bane a wajensu, sun fi shekara goma suna ƙera ƙananan KTM Duke da ake saidawa a Turai, kamar yadda TVS ta ƙerawa BMW samfurin G 310. Bayan fitowar 400 ɗinnan ne Triumph ta haura babur 100,000 a shekara a karon farko, a 2024.

Ni abin da ma yake bani mamaki shine yadda muke raina Bajaj alhali mun fi kowa sanin aikinta. Wane babur ne ke ɗaukar buhun masara biyu da mutum biyu a hanyar ƙauye da damina, a sa masa man da aka samu, ya kwana a waje, da asuba bugu ɗaya ya tashi? Kamfanin da ya iya yin wannan ba abin kunya bane a ce shi ya haɗa maka babur. Amma Speed 400 ba Boxer bace ta kowace fuska. 398cc ne, silinda ɗaya, ruwa ke sanyaya shi, bawul huɗu, giya shida, ƙarfin doki 40, Boxer ɗin da ka sani bata kai 10 ba. Totur ɗinsa ma ba waya ke jan kafireta ba, saƙo yake aikawa ƙwaƙwalwar inji.

In kana son ganin inda maganar abokinka ta fi kusa da gaskiya, dubi abin da ya faru da Norton. Suna ne babba a baburan Ingila, tun 1898, sun ci tseren Isle of Man na farko a 1907 a ajin masu silinda biyu, sun yi Commando da har yau ake ji dashi. An farfaɗo da sunan a 2008 da surutu mai yawa da hotuna masu kyau, aka karɓi kuɗin mutane na kafin alƙalami, amma ƙarfin injiniya da jari basu kai surutun ba, a Janairun 2020 kamfanin ya faɗi, wasu sun biya basu samu babur ba. A Afrilun 2020 TVS ta saye shi fam miliyan 16, eh TVS ɗin da ka sani mai adaidaita sahu, ta gina sabuwar masana'anta a Solihull ta Ingila, kuma abin da ta fara yi shine bin baburan da aka bari tana gyara kurakuran ƙira ɗaya bayan ɗaya. Wato hanyar Bloor suka ɗauko, inji tukuna. BSA kuma wani reshen kamfanin Mahindra na Indiya mai suna Classic Legends ne ya sayi sunan a 2016, suka nuna sabon Gold Star 650 a Birmingham a ƙarshen 2021, silinda ɗaya, ƙarfin doki 45, a Indiya ake yinsa. Babur ne mai kyau a ido, amma tsakanin mutuwar BSA da dawowarta kusan shekara hamsin ne, kuma har yanzu suna matakin tabbatar da kansu. Royal Enfield labarinta daban, ita bata taɓa tsayawa ba, reshen Madras ta Indiya da aka buɗe a 1955 ya cigaba da buga Bullet bayan uwar kamfanin a Ingila ta rufe, yau kuma sune suka koma Ingila suka buɗe cibiyar zane a Leicestershire, ba nisa da Hinckley.

Saura ko ka saya. Babur ɗin ban da shakka a kansa, abin da nake so ka yi tunani a kai shine rayuwarsa a hannunka bayan wata shida. Na farko fetur. Kafireta tana haƙuri da datti, ka kwance ka wanke ka hura ka maida, injekta bata da wannan haƙurin, famfon mai a cikin tanki yake kuma man ne ke sanyaya shi, in kana yawo da tanki kusan babu komai ko kana shan man bumburutu na galan da aka haɗa da ruwa ko kananzir, famfon zai tafi, kuma ba kaya bane da zaka shiga kasuwa ka ɗauko a shagon farko. Ka zaɓi gidan mai ɗaya da ka yarda dashi ka riƙe. Sai lagireto, kar ka bari kowa ya zuba maka ruwan rijiya ko na leda, kulant ake sawa, kuma lokacin hunturu ƙura tana toshe ƴan ramukan, ka riƙa wankewa da ruwa mara ƙarfi daga baya zuwa gaba, ka tabbatar fanka tana tashi in ka tsaya a go-sulo, zafin Afrilu a garuruwanmu ba wasa bane ga injin da ke tsaye. Littafin kamfani yana bada tazara mai tsawo tsakanin sabis, kilomita 16,000, wannan lissafin titin da babu ƙura ne, ni a nan rabin haka ma bana bari a kai kafin a canza baƙin mai, filtar iska kuwa dubawa akai akai. Baƙin man ma na babur zaka sa mai alamar JASO MA2, don kulocinsa a cikin mai yake wanka, in ka zuba na mota zai fara zamewa.

Kafin ka biya ko sisi ka tambayi mai saidawa abu uku kuma kar ka karɓi "ba matsala" a matsayin amsa, wa zai kawo maka filta da birki da sarƙa da sifroket kuma cikin kwana nawa, wane bakanike ne a garinku yake da na'urar da ake jonawa ta karanta ƙwaƙwalwar injin, sannan ina takardun kwastan, lambar firam da ta inji su dace da abin da ke takarda harafi da harafi. In na hannu ne ka kunna makulli ka kalli fitilun dashbod, ta inji da ta ABS dole su kama, ta inji ta mutu bayan ya tashi, ta ABS ta mutu da ka fara tafiya, in wata bata kama ba sam to akwai yiwuwar an kashe ta ne don ɓoye matsala. Kuma kar ka bari mai walda ya taɓa firam batir na jone, ko mai gyaran waya ya yanka wayarin don saka ƙarin fitila da jiniya, yawancin manyan baburan da ake turo mun a mace daga nan ciwonsu ya fara.

Tsakanin biyun kuma, don titunanmu ni Scrambler 400 X zan nuna maka. Injinsu ɗaya, amma tayar gabansa inci 19 ce a maimakon 17, shokansa sun fi tsawon tafiya, ya fi tsayi daga ƙasa, rami da bamp da yashin gefen titi bazasu dame shi kamar Speed ba. Sai dai kujerarsa ta fi tsayi, kaje ka hau ka ga ko ƙafarka na taka ƙasa sosai, in bata kai ba ka tsaya a Speed ɗin. Kuma don Allah ƙanena a cikin kuɗin da kake tarawa ka ware na hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu da jaket da takalmi mai rufe idon sawu, tun kafin babur ɗin ya iso. Wanda ya taso daga Boxer ko Jincheng hannunsa ya saba murɗe totur har ƙarshe don babu abin da zai faru, a kan doki 40 abu zai faru. Sati biyun farko ka nemi fili ko titin da babu mutane da sassafe, ka koyi kama birkin gaba da ƙarfi har kaji ABS na bugun yatsunka, ka saba da nauyinsa a juyawa a hankali, kilo 170 da ɗoriya ne, sannan ka shiga cikin gari dashi.